Kunne Ya Girmi Kaka: Amon Ƙarfe a Daurar Jiya

A farfajiyar makarantar firamaren da na yi a Daura akwai wata darbejiya, a reshenta kuma an rataye tsohon wilin babbar mota da igiyar waya. Shi ne ƙararrawarmu. Yaron da aka ɗora wa bugunta yakan ɗauki guntun rodi ya tsaya a gindin bishiyar, idonsa na kan ƙofar ofishin hedimasta, yana jiran a ɗaga masa hannu. Da ya sauke rodin nan, amon sai ya ratsa unguwa ya shiga har cikin ɗakuna. Mai tallar ƙosai ta san tara ta kusa, uwa ta san ɗanta ya makara, manomin da ke bayan gari ya san hantsi ya ɗaga. Mu kuwa ko ba mu ga mai bugun ba mun san ko wane ne, domin hannun kowa da irin amon da yake fitarwa.

Sai da na girma na lura cewa wannan bugun yana nan kwance cikin maganar da muke yi kullum. In ka tambayi mutum lokaci, cewa kake yi, "Ƙarfe nawa?" Ya ce maka ƙarfe biyu, ko ya ce goma ta buga. Kakanninmu ba haka suke raba yini ba. Su asuba suka sani, da hantsi, da walaha, da rana tsaka, da azahar, da la'asar, da magariba, da lisha, kuma inuwa da kiran salla ne ma'auninsu. Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, sai aka fara jin wani sabon abu a bariki da ofis da gidan yari: ana bugun ƙarfe gwargwadon awannin da suka wuce. Bugu biyu, ƙarfe biyu ke nan. Ita ma kalmar agogo daga Yarbanci muka aro ta, kuma a can asalinta ƙararrawa ce ta ƙarfe. Yau agogon cikin waya shiru yake tafiya, ba ya bugun komai, amma bakinmu bai daina ƙirga bugun ba.

Kafin ƙararrawar makaranta, amon da ya fara shiga kunnena na maƙera ne. Akwai rumfarsu kusa da gidanmu, kuma da an idar da sallar asuba za ka ji zugazugi ya fara numfashi, can sai masaba ta faɗa kan uwar maƙera. Ba sauti ɗaya ba ne. In ƙarfen ya yi ja jawur, dukan yakan fito a dushe, kamar ana kirɓa danƙo. Yana hucewa amon yana tashi, yana ƙara tsini, har ya kai inda maƙeri zai kama shi da awartaki ya mai da shi cikin gawayi. Tsakanin duka da duka kuma akwai ɗan taɓin da yake yi wa uwar maƙera ita kaɗai, ƙwal, don hannu ya huta kuma mai taya shi duka ya san inda zai sauke tasa masabar. Daga cikin gida mahaifiyata takan ce, "Yau lauje ake yi," wata rana ta ce, "Wannan gatari ne." Ba ta leƙa ba, kuma ba ta cika kuskure ba.

Wata rana gab da faɗuwar damina mahaifina ya aike ni karɓo fartanyar da ya ba da a ƙera masa. Tsohon maƙerin ya zaro bakin fartanyar daga cikin 'yan uwanta, ya riƙe shi da yatsu biyu ta wajen tsinin da ke shiga ƙota, ya ƙwanƙwasa shi da bayan wuƙa, ya kawo kusa da kunnensa. Sai ya girgiza kai ya jefa shi gefe. Na ce, "Baba, ai lafiyarta lau, ban ga komai ba." Ya ce, "Zo nan, ɗan nan." Ya ɗauko wani ya ƙwanƙwasa kusa da kunnena: amo ya fito garau, ya ja tsawo, yana raguwa a hankali har ya ɓace. Ya sake ɗauko na farkon ya buga: ƙwas, ya tsaya nan take. Ya ce, "Ka ji? Wannan yana da tsaga a ciki. Ido ba zai nuna maka ba sai ranar da ya karye a gona. Ka ce wa babanka ya yi haƙuri zuwa gobe." A ranar na san cewa ƙara daban, amo daban. Ƙara kowane abu yana yi. Amo kuwa shi ne abin da ya rage yana yawo bayan an gama bugu, kuma ƙarfe mai lafiya ne kaɗai ke da shi.

Ɗan Daura bai kamata ya yi mamakin wannan kusanci da ƙarfe ba, tunda labarin kafuwar sarautarmu ma ta maƙera ya biyo. Kamar yadda aka gada a baki, Bayajida bai iso garin nan ba sai da ya tsaya a Gaya maƙera suka ƙera masa makami. Da shi ya sare kan macijin da ya hana mutane ɗiban ruwa a rijiyar Kusugu in ba ran Juma'a ba, bayan tsohuwa Ayana ta gaya masa halin da ake ciki. Daga nan sai auren Sarauniya Daurama, sai haihuwar ɗansu Bawo, sai Hausa Bakwai. Masana tarihi suna da mahawararsu a kan labarin, amma ko yaro ya ji shi ya gane abu ɗaya: jarumin bai iya komai ba sai da maƙeri ya sa hannu. Shi ya sa Sarkin Maƙera yake da mazauninsa a tsarin sarauta, maƙera kuma suke da kiɗansu na kansu, dundufa, wanda in an kaɗa musu shi sukan yi wasa da jan ƙarfe kamar ba wuta ba.

A fada ƙarfe yana da wata murya dabam. Akwai kuge, wato ƙararrawa biyu na baƙin ƙarfe da aka haɗa a ka, ba su da harshe a ciki, sai dai a buge su da ƙaho. Baki biyun ba amonsu ɗaya ba, ɗaya ya fi ɗaya kauri, don haka mai bugu yana iya sa su yi kamar magana. A masarautun ƙasar Hausa da shi ake tara jama'a in za a yi shela, da shi kuma ake sanar da fita yaƙi. Kakana yakan ce a zamaninsu in aka ji kuge, mai cin tuwo ma tsame hannu yake yi. Shi ya rayu a zamanin Sarki Abdurrahman, wanda ya hau gadon sarauta a 1911 ya yi shekara 55 a kai, ɗan Malam Musa da Turawa suka dawo da shi Daura a 1906, bayan gidansu ya yi kusan shekara ɗari a wajen birnin tun jihadi. Ni kuwa na yi wayo ne a zamanin Sarki Muhammadu Bashar, wanda ya yi sarauta daga 1966 zuwa 2007, lokacin da rediyo da lasifika suka riga suka fara karɓe aikin shela. Yau duk shekarar zaɓe za ka ji 'yan jarida suna cewa an buga kugen siyasa. Ka tambayi matasa goma yadda kuge yake, da wuya biyu su iya siffanta maka shi. Kalmar ta tsira, abin ya koma ɗakin ajiya.

Wanda yake son ya ji ragowar wancan zamani sai ya zo Daura lokacin Sallar Gani, a watan Rabi'ul Awwal. Ka samu wuri a bakin hanya ka rufe idonka na ɗan lokaci. Za ka ji kakaki, doguwar muryar ƙarfe da ba a busa wa kowa sai sarki, tana keta sama. A ƙarƙashinta tambari yana dukan ƙirji. Sai dawaki su matso, ka fara rarrabe ƙananan sautuka: linzami yana kacau-kacau a bakin doki, likkafa tana gogar likkafa in mahaya sun matsu, gwarjen da aka jera a ƙirjin doki yana rawa da kowane taku, zoben sulke suna shafar juna. Muna yara mukan yi gasar faɗin wanda ke tafe tun bai ɓullo kwana ba, daga jin kayan dokinsa kawai. Ba kuma duk amon ƙarfe ne mai daɗi ba a wancan zamani. Tsofaffi sun san kukan mari a ƙafar ɗaurarre, da na sarƙa a wuyan bawa. Wannan amon ba wanda ke kewarsa, amma shi ma yana cikin abin da kunnen garin ya taɓa ji.

Wani abin lura shi ne duk wannan son ƙarfe bai kai shi masallaci ba. Dalilin yana cikin tarihin Musulunci. Da aka zauna a Madina ana shawarar yadda za a riƙa kiran mutane salla, an kawo maganar ƙararrawa irin ta Nasara da ƙaho irin na Yahudawa, ba a ɗauki ko ɗaya ba. Sai sahabi Abdullahi ɗan Zaidu ya yi mafarkin kalmomin kiran salla, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya koya wa Bilal. Tun daga nan muryar mutum ce ke kira zuwa ga Allah. Saboda haka a garuruwanmu aka yi rabo: ladan yana da lokutan ibada, ƙarfe kuma yana da sarauta da sana'a da kasuwa da ado.

Ado kuwa na mata ne, kuma su suka fi kowa kunne. Ɗakin kakata cike yake da jere: tasoshin tagulla, da langa, da fanteka, da kwanonin sha da aka ɗora bisa juna har kusa da rufi. In dillaliya ta kawo tasa, kakata ba ta fara duban zanen jikinta. Takan ɗora ta a tafin hannu ta ɗalle gefenta da farce, ta karkata kai. In amon ya zaga tasar ya daɗe, sai a shiga ciniki. In ya mutu da wuri, sai ta miƙa mata abarta ta ce, "Kai wa wata." Tafiyar mace ma tana da sauti. Munduwa mai nauyi dabam take kuka da warwaro siriri, ƙarau na gilashi kuma nasa kukan ya fi kowanne kaifi. Amarya in tana daka, unguwa ta san amarya ce, don hannunta yana amsa wa taɓarya. A watan Mauludi mata sukan ɗauki sambani, 'yan faifan ƙarfe masu zobba da ake tafawa a hannu, suna raka waƙoƙin yabon Annabi. Masu rawa kuma su ɗaura akayau a ƙafa, kowane taku ya zama kiɗa.

A hannun kakata na koyi jin kuɗi. Kafin naira ta zo ranar 1 ga Janairun 1973, kuɗinmu masu nauyi ne: kwabo mai huda a tsakiya, da taro, da sisi, da sule mai kwabo 12, da fataka mai sule biyu, sule 20 kuma su ba ka fam guda. Tsofaffi suna tuna anini, wanda sai ka tara goma ka sami kwabo. Kakata tana sayar da man gyaɗa, kuma a bakin ƙofarta akwai wani dutsen niƙa da ya gaji aka ajiye. Duk wanda ya kawo sule, sai ta sake shi a kan dutsen. Ran nan na ce mata, "Kaka, ba ki yarda da mutane ba ne?" Ta yi dariya ta ce, "Kai maigidan, mutum na yarda da shi. Sulen ne nake tambaya, shi kuma ba ya ƙarya." Na gaske yakan yi tsalle ya yi kuka siriri. Jabun da aka zuba da darma faɗuwa yake yi ɗif, kamar an yar da ƙwallon goruba cikin yashi. Maƙeran fari ma da kunne suke tantance tsohuwar azurfar nan ta Ostiriya mai hoton Sarauniya Mariya Tereza da shekarar 1780, wadda fatake suka daɗe suna shigowa da ita, kafin su narka ta su yi zobe ko abin wuya.

Da muka shiga manyan azuzuwa, wata rana malamin Turanci ya cika allo da kalmomin da Turawan Ingila suke siffanta kukan ƙarfe da su. Ya ce wannan ta ƙaramar ƙararrawa ce, wannan ta makullai ce in sun haɗu a aljihu, wannan ta babban ƙarfe ce in ya faɗi, wannan kuma ta ƙararrawar coci ce in ana buga ta a hankali don an yi mutuwa. Muka kwafe, muka haddace, muka ci jarrabawa. Daga baya na gane inda suka samo wannan yalwa. Mutane ne da suka yi ɗaruruwan shekaru a ƙarƙashin hasumiyar coci, ƙararrawa ce ke tashinsu, ita ke ɗaura musu aure, ita ke raka su kabari. Babbar ƙararrawar majalisar dokokinsu a Landan, Big Ben, ta haura tan 13, kuma tun 1859 take bugawa. A shekarar ma ta tsage, kuma tsagar ta sauya mata amo har yau, abin da tsohon maƙerin unguwarmu zai gane da bugu ɗaya. Kowane harshe yana tara kalmomi ne a inda kunnen masu shi ya fi zama.

Abin da ke damuna shi ne ba wanda ya taɓa cika mana allo da namu. Ga su kuwa birjik. Muna da ƙara, da amo, da kuwwa, da amsa-kuwwa. Muna da kwaramniya, wadda kwanuka ke yi in akuya ta shiga madafa. Muna cewa murya ta dushe, muna cewa amo ya yi zaƙi. Muna da ƙwanƙwasa, da ɗalla, da kaɗa, da buga, da girgiza, kuma kowace da irin hannun da take nufi. Wasu sunayen ma in ka furta su kamar ka ji kukan abin ne: ƙararrawa, gwangwani, kaca, tangaran. Baturen mishan G. P. Bargery ya yi shekaru yana zaga ƙasar Hausa yana tattara kalmomi kafin ƙamusunsa ya fito a 1934. David Ames da Anthony King sun fitar da littafi a 1971 a kan kalmomin kiɗan Hausa, Jami'ar Bayero kuma ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Aiki ne babba, Allah ya saka wa masu shi. Sai dai takarda tana riƙe kalma ne, ba ta riƙe sautin da kalmar ke nufi. Wannan sai kunne ya karɓa daga kunne.

Shirun bai zo rana ɗaya ba. Roba ta kori tasa da bokitin ƙarfe, jarka ta kori garwar 'yan ga-ruwa da ake jin kukanta tun daga bakin rijiya. Babur ya kori keke, hon ya maye gurbin 'yar ƙararrawar Raleigh da sabon ango ke kaɗawa a ƙofar gidan surukai. Tsabar kuɗi ta mutu a hannunmu. Ko da Babban Bankin Najeriya ya fito da sababbin sulallan kwabo 50 da naira 1 da naira 2 a 2007, kasuwa ba ta karɓe su ba. Yau a kasuwar Mai'aduwa ta ranar Lahadi mutum zai sayar da sa, ya tsaya yana jiran wayarsa ta yi ɗan kuka ya ce alat ya shigo. Sautin nan iri ɗaya ne ko kuɗin sun shiga ko ɗan damfara ne ya turo saƙon ƙarya. Sulen kakata yana faɗin gaskiyar kansa, shi wannan sai ka bincika. Tsofaffin tasoshin iyayenmu kuwa da yawa sun bi 'yan gwangwan, an auna su a sikeli an biya kuɗin kilo.

Ba ina cewa a koma jiya ba ne. Jarka ta fi garwa sauƙin ɗauka, kuma wanda ya taɓa dakon buhun sulalla zuwa Kano ba zai raina waya ba. Sabon ƙarfe ma yana tafe: layin dogon da ake shimfiɗawa daga Kano zuwa Maraɗi ta Daura ya biyo, ga kuma Jami'ar Sufuri ta Tarayya a garin. Yaran da za su yi aiki a kan wannan dogo za su tarar cewa tun zamanin da, masu duba ƙafafun jirgin ƙasa da guduma suke bi suna ƙwanƙwasawa, suna sauraron wadda ta tsage. Ilmin tsohon maƙerin nan ne, ba wani ba. Abin da nake tsoro shi ne su koye shi da baƙin harshe, suna zaton kakanninsu ba su taɓa saninsa ba.

Kwanan baya jikata ta shigo da gudu riƙe da wayata, ta ce, "Kaka, ana kiranka, tana ta ringin." A bakinta wannan kalma ɗaya ita ce kukan waya, ita ce ƙararrawar makaranta, ita ce ta ƙofa. Ban yi mata faɗa ba, don ba ta ji wata a bakinmu ba. Washegari na kama hannunta muka tafi maƙera. Rumfar ta ragu, injin walda ya cinye rabin aikin, amma jikan tsohon nan yana nan yana ƙera lauje saboda kaka ta matso. Na roƙe shi ya ba ta biyu, mai lafiya da wanda ya ware gefe. Ta ƙwanƙwasa na farko, ta ƙwanƙwasa na biyu, ta sake komawa kan na farko ta kanga shi a kunne har ya yi shiru. Ta ce, "Kaka, wannan yana daɗewa. Me ake ce masa?" Na ce, "Amo." Ta maimaita sau biyu a hankali. Hausawa sun ce ƙarfe ɗaya ba ya amo. Tsofaffin da suka san waɗannan kalmomi suna nan a zaurukan Daura da Zango da Ɓaure da Sandamu, kuma ba sa rowar abin da suka sani. Saura mu kai musu yaran da za su tambaya.